Tayim Ɗinki Ya Yi Fure, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kina cikin rahamarsa. In kina tambayarmu, duk muna nan lafiya. Baba yana gida, Yaya Rabi tana ɗakin mijinta, ni kuma har yanzu ina aikin gini a Gwarinpa, sai dai na bar ɗaukar bulo a ka, yanzu ni ake miƙo wa ina jerawa.

Kin fi kowa sanin inda karatuna ya tsaya, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Na san wasu za su leƙa su karanta, su ma su yi haƙuri. Albishir ne ya cika mini baki, kuma ke ce mai shi.

Inna, tayim ɗinki ya yi fure.

Ki ɗan yi mini afuwa in yi wa masu leƙowa bayani. Tayim ɗin nan dai da ake sayarwa busasshe tare da kori, wanda mata ke barbaɗawa a miya da dafadukan shinkafa, shi nake nufi. Mutane da yawa ba su san shuka ce mai rai ba, ni ma a wurinki na fara ganinsa ɗanye. Ɗan tsiro ne gajere, karansa siriri kamar tsintsiya, ganyensa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ya ɗaukar ido ko kaɗan. Sai mutum ya murza shi a yatsa sannan ya san da wa yake magana.

Kin tuna yadda ya zo gidanmu a Karu? Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, garin nan ya cika da manyan motocin yashi, ko'ina ka duba ana haƙa tushen gini. Ke kina dafa shinkafa da miya kina kai wa leburori, Baba yana lambunsa a bakin rafi. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu ta je Kirsimeti garinsu can wajen Jos, ta dawo miki da ɗan reshe da saiwarsa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kika samo tsohon gwangwanin fenti, kika huda gindinsa da ƙusa, kika dasa, kika ɗora shi a kan katanga, dab da bakin kwanon ɗakinki.

Can kika bar shi cikin rana, sai ki yi kwana da kwanaki ba ki ba shi ruwa ba. Wannan abu ya tsaya wa Baba a rai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar ruwa wa alayyahu da latas da albasa, kullum ya wuce sai ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ba shuka kike yi ba, horo kike ba shi. Tsiro ciki gare shi kamar mutum, a ba shi ya ci, a ba shi ya sha." Ke kuma ko juyowa ba kya yi, kina tankaɗe ko kina yanka albasa za ki ce, "Malam, ka ji da alayyahunka, ka bar mini ɗana." Ni a lokacin bayan Baba nake bi, don a ganina ai shi ne manomi.

Amma da damina ta sauka sai bakin Baba ya mutu. Tsayuwa cikin ruwan rafi da sassafe ta bar wa Baba tari, kowace shekara sai ya taso masa. Ina ganinki yanzu, kin taka turmi, kin tsinko rassa kaɗan, kin saka a kofin silba, kin zuba tafasasshen ruwa, kin rufe da faranti. Ba kya tafasa shi a kan wuta. In na kai hannu zan buɗe sai ki buge ni ki ce, "Maganin a tururin yake, in ka buɗe ya tafi yawo." In ya ɗan huce ki sa zuma da ɗan dakakken citta. Baba ya sha yana ɓata fuska, ya ce ba laifi, gobe ya sake miƙo kofi.

Ba shi kaɗai ba. Matan layinmu duk sun san hanyar katangar nan. Mai mura ki ba ta ta yi surace, ta lulluɓa da zane a kan kwano. Mai ƙaiƙayin maƙogwaro ki ce ta jiƙa ta kurkure da ɗan gishiri. Wanda wake ya kumbura wa ciki ki ba shi ya kurɓa bayan abinci. Masu juna biyu ne kawai kike hanawa, ki ce su tsaya a na miya. In kuma kika ji tarin ya yi nisa, ko da zazzaɓi, ba kya ɓoyewa, cewa kike, "Wannan ya fi ƙarfin gwangwanina, ku tafi asibiti."

Saboda yawan tsinka, bai taɓa samun sukunin girma ba. Maman Rifkatu takan ce a garinsu yana yin fure har ƙudan zuma su taru. Ke kuma ki yi dariya ki ce, "Ni dai ban taɓa gani ba. Nawa ina ya ga hutun yin kwalliya, kowa tari, kowa tari."

Ba ki gani ɗin ba kuwa. Ciwon bai ba mu lokaci ba. A ƙarshen wata damina kika kwanta, kafin sanyi ya gama shigowa mun kai ki makwancinki. Allah ya jiƙanki, Inna.

Bayan an watse daga zaman makoki, aka raba kayanki yadda addini ya ce. Tukwane suka tafi, zannuwa suka tafi. Abu mai rai ɗaya da kika bari a gidan, in ka cire mu, shi ne gwangwanin nan. Wata safiya Baba ya taka turmi da kansa ya sauko da shi. Ya rungume shi a ƙirji ya ce, "To, yanzu za ka ga gata."

Kuma ya ga gata, Inna. Baba ya zubar da ƙasar da kika sa, wai duk yashi ce da tsakuwa, ko ciyawa ba za ta yarda ta zauna a ciki ba. Ya ɗebo baƙar ƙasar lambu mai danƙo, ya cakuɗa da kashin kaji. Ya cire shi daga rana ya ajiye shi a inuwa, gindin randa. Da safe ya ba shi ruwa, da yamma ya ba shi ruwa. Ni ma in na dawo daga aiki na ga gwangwanin sai in ji kamar ke ce zaune, in ɗauki moɗa in ƙara masa. Yaya Rabi in ta zo gaisuwa ita ma sai ta zuba nata. Kowa da inda yake ajiye kewarsa, mu a gwangwanin nan muka dinga juye tamu.

Ganyen ya fara yin rawaya. Muka ce yunwa ce, aka ƙara taki. Gindin ya fara baƙi. Muka ce ƙishi ne, aka ƙara ruwa. Abokan lambun Baba suka zo dubiya kamar mara lafiya. Wannan ya ce a sa takin zamani, wancan ya ce a yayyafa toka, wani tsoho ya rantse bakin mutane ne. Duk manoma ne na gaske, ba wanda za a koya wa albasa ko tumatir a cikinsu, kuma ba ko ɗaya da ya taɓa ganin shukar da ruwa ya yi wa yawa da rani.

Na nemi Maman Rifkatu in tambaye ta, ban same ta ba. Bayan rasuwarki aka shafa wa layinsu jan fenti, aka rushe, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya san inda ta koma. Na bi masu sayar da furanni na bakin titi, waɗanda ke kai wa sababbin gidajen manya. Suna da kowane irin fure mai suna da Turanci, amma da na ce tayim sai su nuna mini hanyar kasuwa. A raina kuma na san ko na samu wani, ba naki ba ne.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, tarin Baba ya taso, kuma na bana ya fi na kullum. Muka kai shi asibiti a Gwagwalada, suka duba ƙirjin, suka ce ba tarin fuka ba ne, suka ba da magani. Yana shan maganin, amma ya daina cin abinci. Ya bar zuwa lambu. Na sayo busasshen tayim na kasuwa na haɗa masa yadda kike yi, ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin ya ce, "Wannan ai dusar katako ce." Wuni yake a kan tabarma yana kallon gwangwanin, shi yana ramewa, tsiron yana zubar da ganye. Ranar da reshe na ƙarshe ya bushe, ya dube ni ya ce, "Sadisu, ni da shi ga alama tafiyarmu ɗaya."

Inna, maganar nan ta shiga jikina. Ina jera bulo a wurin aiki ina jin ta.

Sai wata ranar da siminti bai iso ba aka sallame mu da wuri. Kwanon ɗakinki yana yoyo ta gefe guda, na ce bari in hau in duba. Kin san katangarmu ba a taɓa yi mata shafe ba, bulon sama ramukansa a buɗe suke, tun lokacin gini aka cika su da ragowar yashi da tsakuwa. Na dafa daidai inda gwangwaninki yake zama, sai hannuna ya murje wani abu. Ƙamshin ne ya fara isowa kafin idona. Na tsaya cak a kan turmi.

Ɗan tsiro ne, tsawonsa bai wuce yatsa ba, kore shar, a cikin ramin bulo. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane yadda aka yi. Ashe tun kina raye wani reshe ya kwanto daga gwangwanin ya taɓa yashin ramin, ya yi saiwa a nan. Da Baba ya ɗauke gwangwanin sai reshen ya tsinke ya zauna. Duk watannin nan ba wanda ya san da shi, balle ya ba shi ruwa ko taki. Ranar safe tana dukansa, bakin kwano yana tare masa ruwan sama, sai ɗan feshin da iska ta kawo. Wanda muka manta da shi ya rayu, wanda muka yi wa gata ya mutu.

Ban yi ihu ba, ban gaya wa kowa ba. Na sauko na tumɓuke mataccen na gwangwani na shinshina saiwar. Ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari irin na wankin da aka manta a bokiti. Na koma sama na tura yatsa a ramin bulon, a bushe. A nan abubuwa suka dinga dawo mini. Na tuna yadda kike taka turmi ki tura yatsa cikin gwangwanin, ki ciro ki duba, ki sauko ba ki zuba komai ba, mu kuwa muna cewa mantuwa ce. Na tuna ranar da kika ce, "Sadisu, in za ka dawo ka ɗebo mini yashin nan naku mai tsakuwa," na ɗauka wanke tukunya za ki yi.

Saura yadda zan gaya wa Baba. Ɗa ba ya tsayawa gaban ubansa, manomi tun kafin a haife shi, ya ce masa ruwanka ne ya kashe shuka. Washegari da hantsi na jawo benci gindin katanga, na ce masa na ga wani abu ban gane ba, ko zai taimaka ya duba mini. Na riƙe shi ya hau. Ya ga tsiron. Ya murza ganye ɗaya ya kai hanci. Sai ya yi abin da duk manomi zai yi, ya tura yatsa a ƙasar. Ya ciro yatsan ba ko danshi. Ya dubi yatsan, ya dubi gwangwanin da ke gindin randa. Can sai dariya ta ƙwace masa, dariya da tari da hawaye duk a haɗe, yana cewa, "Ta faɗa! Wallahi ta yi ta faɗa, ni ne ban ji ba."

Kada ki ɗauka daga nan ya shiryu. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya kai hannu ga buta. Na riga shi ɗauka. Ya ce, "Ɗan kaɗan fa, ko na maraba." Na ce a yi haƙuri. Makonnin da suka biyo baya, yaƙin da na yi da hannun Baba ya fi wanda na yi da damina. In zan fita aiki sai na ɓoye moɗa. Daga ƙarshe muka yi sulhu, aikin tura yatsa nasa ne, kowace safiya, amma ba a zuba ruwa sai yatsan ya fito a bushe har gaɓa ta biyu. Kin ga ya samu abin da zai tashe shi daga tabarma. Mai hawa benci kuwa dole ya sa wani abu a ciki, sai ya fara karɓar koko.

Abin da ya fi mini wuya shi ne haƙuri. Baba yana tari a gabana, maganin da yake so yana kan katanga, amma in na tsinka na kashe shi, don duka-duka rassansa ba su kai a cika cokali ba. Sau da yawa na hau da niyya na sauko hannu wofi. Baba da kansa ya lura ya ce, "Kar ka taɓa shi. Ni na iya jira, shi bai iya ba tukuna."

Sai na kwaikwayi abin da tsiron ya yi da kansa. Da ya ɗan yi tsawo na kwantar da reshe ɗaya zuwa ramin da ke kusa, na danne tsakiyarsa da ɗan dutse. Ya yi saiwa. Na roƙi oga a wurin aiki ya bar mini fasassun bulo da ake zubarwa, ya ce, "Kwashe, amma in ka gina bene da su ina da ɗaki ɗaya." Na jera su a gindin katanga ta gabas, na cika ramukan da yashi da tsakuwa da ɗan garin gawayi, ƙasar lambu kuwa ɗan barbaɗe kawai. Ba duka suka yi ba. Ruwan Agusta ya kashe mini wasu, har sai da na kafa musu 'yar rumfa da guntun kwanon roba mai barin haske ya wuce. Wasu na yi gaggawar raba su da uwar suka bushe. Na koyi in jira sai na ja reshen a hankali na ji ya riƙe ƙasa.

Da damina ta zo ƙarshe, wata ranar bayan la'asar, na ga sun isa. Na tsinko daga 'ya'yan, ban taɓa na kan katanga ba. Kofin silbanki na nan, shi Baba ya hana a raba. Na zuba ruwan zafi na rufe da faranti, na sa zuma da citta. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe da fuskarsa a kan tururin bai sha ba, ni kuma na kau da kai na shiga gyaran wata igiya da ba ta lalace ba. Ya shanye tas. Ya ajiye kofin ya ce, "Zumar ta yi yawa, ita ba ta cika haka." Sannan ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ganyen ne ya warkar da shi ba. Maganin asibiti ya yi aikinsa, kuma Allah ne mai warkarwa. Amma ni na ga lokacin da mutumin nan ya yanke shawarar zama da mu, kuma da kofinki a hannunsa ya yanke ta.

Yanzu in kin ga gidan ba za ki gane shi ba. Bulo ya zagaye tsakar gida, ko'ina tayim. In iska ta kaɗa da rana, har waje ake jin ƙamshi. Matan layi sun dawo, da sababbin da ba su san ki ba, amma sun san sunan abin, tayim ɗin Inna. Muna tsinka da hantsi bayan raɓa ta bushe, wanda za a ajiye a shanya shi a inuwa. Duk wanda ya zo ina gaya masa abin da kike faɗa, har da na masu juna biyu da na asibiti. Baba ya koma lambu. Abin dariyar, shi ne yanzu malamin tayim. Za ki ji shi yana gaya wa abokansa, "Kuskuren da mutane ke yi shi ne ruwa. Ni da na duba na gane." Ni dai na san kina ji.

Na kuma ga Maman Rifkatu. A kasuwar Karu muka yi kiciɓis, ta koma Mararaba da zama. Ta yi kukan rashinki sosai. Ta ce nata tayim ɗin yana ƙarƙashin ginin da aka rushe, ko tsinke ba ta fita da shi ba. Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na ɗauki bulo guda a ka har ƙofar ɗakinta, kamar zamanin da nake lebura. Ta murza ta shinshina ta ce, "Kai, Sadisu, wannan ai jikan nawa ne ya dawo gida! Kar ka ba shi ruwa da yawa fa." Na ce, Mama, wannan karatun mun biya kuɗin makarantarsa.

Na kan katanga kuwa, wanda hannunki ya sani, ban taɓa tsinkar ko ganye ɗaya daga jikinsa ba. Na ce shi kam ya yi wa mutane aiki ya isa, bari ya samu hutun da kika ce bai taɓa samu ba. Jiya da safe Baba ya hau benci zai tura yatsa, sai na ji ya kira sunana da wata irin murya. Na fito da gudu. Kan rassan duk ya yi fure, ƙanana ƙwarai, fari-fari da ɗan shuɗi-shuɗi, in ba ka matso ba ba za ka gani ba. Ga ƙudan zuma guda biyu suna ta kai da kawo, ban san wa ya gaya musu ba. Maman Rifkatu ba ta yi ƙarya ba, Inna.

Baba yana tsaye da butar alwala a hannu, cike da ruwa, bai zuba ko ɗigo ba. Ya daɗe yana kallo. Da zai sauko ya dafa kafaɗata ya ce, "To, sai ka gaya wa innarka."

Ga shi na gaya miki.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki. Duk maƙogwaron da ya samu sauƙi da ganyen nan, jiya da yau da gobe, Allah ya kai ladan gare ki, ya sa ya zame miki sadaka mai gudana. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya saka wa Maman Rifkatu da alheri. Ya sa Aljanna ce makomarki, ya haɗa mu da ke a cikin lambunanta, inda ba shukar da ke mutuwa. Amin.

Ɗanki mai kewarki kullum,
Sadisu